Hukuncin Ɗame Fatar Fuska da Wuya Ba Tare da Tiyata Ba

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Matar aure ce ni, shekaruna 44. Na yi doguwar jinya na rame ƙwarai. Yanzu na warke, amma fatar kumatuna da ta ƙarƙashin haɓa ta saki, har ana yi mini kallon tsohuwa. Likita ta ce akwai na'urar da ke ɗame fata, ba yanka ba allura. Ya halatta, ko yana cikin canza halittar Allah?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ƙara lafiya, Malama, ya sa jinyar ta zama kaffara.

Ba a yanke hukunci sai an san abu. Waɗannan na'urori zafi suke turawa can ƙarƙashin fata, wasu da igiyar rediyo kamar Thermage, wasu da sautin da kunne ba ya ji kamar Ultherapy, wadda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2009. Ana shafa man santsi, a ɗora kan na'urar a kumatu, a bi da shi sannu a hankali zuwa wuya. Zafin yana sa sinadarin kolajin, wanda ke riƙe fata, ya takure, jiki kuma ya shiga ƙera sabo cikin watanni. Ba a cire komai, ba a cusa komai, kuma bayan wani lokaci fatar tana sake saki.

Masu hanawa sun kafa hujja da aya ta 119 a Suratun Nisa'i, wadda ta ambaci canza halittar Allah a cikin umarnin Shaiɗan, da hadisin Ibn Mas'ud a Bukhari da Muslim da ya la'anci mata masu yin wushirya don kyau. Imam Nawawi ya bayyana cewa tsofaffi ne ke goge haƙora don su nuna ƙuruciya, amma ya ƙara da cewa in don magani ne ko gyaran aibi, babu laifi. Nan ne mas'alarki ta faɗo. Cuta ce ta sakar miki da fata kafin lokaci, kuma mayar da abu yadda yake ba canza halitta ba ne. Arfaja ɗan As'ad ya rasa hancinsa a yaƙi, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya umarce shi da sa na zinariya. Majalisar Fiƙihu ta Duniya ma, a zamanta na Malesiya a 2007, da ta hana cire tamojin fuska ta hanyar tiyata ko allura, ta togace halin rashin lafiya muddin babu cutarwa. Saboda haka ya halatta gare ki.

Wadda tsufa ne kawai ya zo mata, a nan malamai suka saɓa. Abin da ya rinjaya a wurina shi ne na'urar zafi ta fi kusa da kula da fata fiye da tiyata, don haka ban haramta ta ga mai yi don mijinta ba, ko da yake barin ya fi. Annabi (SAW) ya ce kowace cuta tana da magani ban da tsufa, kuma ina tausayin mai zuba dukiya shekara bayan shekara tana kokawa da shi. Wadda kuwa za ta yi don mai neman aurenta ya ɗauke ta yarinya, wannan algus ne, haramun ne.

Ki tabbata ƙwararriyar likita ce za ta yi, ba mai shagon kwalliya da ta sayi na'ura ba, domin a hannun wanda bai iya ba ana ƙonewa, jijiya ma kan taɓu. Ki nemi mace, tunda wuya al'aura ne. Ki shawarci maigida, kada kuma ki ci bashi saboda wannan aikin. Idan kina da juna biyu, ko an dasa miki na'urar daidaita bugun zuciya, ki faɗa wa likita tun kafin a fara.

Wallahu a'alam.