An daina haƙar kwal, me ya sa ruwan ƙoramarmu bai daina ja ba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mai kiwo da fataucin shanu ne, mazaunin Inugu. Akwai wata ƙorama da ke gangarowa daga wajen tsohuwar mahaƙar kwal, duwatsun cikinta duk sun yi ja kamar tsatsa. Rijiyar gidanmu ma tana ɗanɗanon ƙarfe. An ce an daɗe da rufe mahaƙar. To me ke kawo haka, kuma zan iya shayar da dabbobi a wurin?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Bari in fara da abin da ya fi gaggawa: ka janye shanunka daga wannan ƙorama har sai an auna ruwan. Ga dalili.

Kwal ɗin Inugu, wanda aka gano a 1909 aka kuma shiga haƙarsa gadan-gadan wajen 1916, yana kwance ne a cikin wani shimfiɗaɗɗen dutse da masana ke kira Mamu. A samansa akwai wani dutsen rairayi mai kauri, Ajali, wanda shi ne rumbun ruwan yankin, yana shanye ruwan damina ya riƙe. Muddin ba a taɓa abin da ke ƙasa ba, ruwan yana zaune lafiya, yana fita a hankali ta idanun ruwa. Amma da aka ɓula ramuka irin na Onyeama da Okpara, aka kwashe kwal, rufin ramin ya riƙa ruftawa, dutsen da ke sama ya tsattsage. Kamar randa ce aka huda gindinta. Shi ya sa tun mahaƙun na aiki, ruwa ne babban abokin gabar ma'aikata, injinan jan ruwa ba sa hutawa.

Jan da kake gani kuwa daga wani ma'adini ne mai ƙyalli da ke haɗe da kwal, ana ce masa fairait, haɗin ƙarfe ne da farar wuta. Yana binne ba ya cutar da kowa. Iska da ruwa na taɓa shi sai ya rikiɗe ya haifar da asid, wasu ƙwayoyin halitta da ke rayuwa a cikin tsami kuma su ƙara wa abin sauri ninki-ba-ninki. Asid ɗin ya narkar da ƙarfe da manganis da alminiyam daga jikin duwatsu, ya ɗebo su zuwa waje.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa, kuma abin yana damuna. Je ka tsaya daidai bakin ramin da ruwan ke fitowa: sau da yawa za ka same shi garau, har kana hango tsakuwar ƙasa. Sai ya ɗan yi tafiya ya sha iska, sannan ƙarfen ya fara kwanciya, ya lulluɓe duwatsu da wata laka ruwan goro mai santsi. Ke nan ruwan da ya fi kyau a ido yana iya zama wanda ya fi tsami. Duba kuma ko akwai ƙananan kifaye, kwaɗi ko ƙwarin ruwa. In ka ɗaga dutse ka ga babu mai motsi a ƙarƙashinsa, ƙoramar ba ta da lafiya.

Rufe mahaƙa ba ya tsayar da wannan. Da an kashe injinan jan ruwa sai ramukan su cika, ruwan ya nemi mafita ta tsofaffin ƙofofi da tsagogi, ya zuba a koguna irin su Ekulu. Yana iya ɗaukar shekaru gommai a haka. A Birtaniya, inda aka rufe galibin mahaƙun kwal na ƙarƙashin ƙasa, har yau hukuma na gudanar da wuraren gyara irin wannan ruwa fiye da 70. Aikin ba sihiri ba ne: a bi da ruwan ta cikin farar ƙasa don ta kashe tsamin, a tara shi a tafkuna ƙarfen ya kwanta, sannan a ratsa da shi ta fadama mai ciyayi. A ganina babu uzurin da zai hana a yi wa mutanen Inugu haka.

Batun rijiyarka daban ne, kuma ba zan ɗora wa mahaƙar laifi kai tsaye ba. Ƙasar yankin da kanta tana da ƙarfe, kuma ƙarfe kaɗan, abin da ya haura miligiram 0.3 a lita, ya isa ya canja ɗanɗano ya ɓata farin kaya. Gwaji ne kawai zai raba gardama. Ka ɗebi ruwan rijiyar da na ƙoramar a robobi masu tsabta, kowanne daban, ka cika su taf ka rufe, ka kai ɗakin gwaji na jami'a ko na hukumar ruwa a ranar. Ka ce a duba maka ma'aunin tsami da ake kira pH, da salfet (wani gishiri da farar wutar fairait ke bari a ruwa), da ƙarfe, da manganis, da dalma. Ruwan sha ana son pH ɗinsa ya tsaya tsakanin 6.5 da 8.5, na mahaƙa, saboda yawan tsaminsa, yakan faɗo ƙasa da 4. Idan tsami da salfet sun yi yawa tare a rijiyar, to akwai alamar ruwan mahaƙar ya ratso ta. A yi gwajin sau biyu, da rani da kuma farkon damina, domin ruwan farko yakan wanko gishirin asid da ya taru a lokacin rani.

Kafin sakamako ya fito, kada ka dogara da tafasawa. Wuta na kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta cire ƙarfe ko asid. Alimun ma ba mafita ba ne, shi kansa ƙara tsami yake yi. Su kuma shanu, ruwa mai yawan salfet yana sa su zawo, su rage sha da ci, su rame, kai kuwa kana zargin tsutsar ciki kana ta kashe kuɗin magani. Ka nema musu ruwa daga saman inda ruwan mahaƙar ke shiga ƙoramar, ko ka tari na sama a tanki tunda Inugu ba ta rasa ruwan damina. Sakamakon gwajin kuma ka ajiye takardarsa, ku haɗu da maƙwabta ku kai wa ma'aikatar muhalli ta jiha.