Amsa ga Mama Sakatariya: yadda ake haɗa sabuwar waƙa daga aya

Salama gare ku 'yan'uwa cikin Ubangiji. Mama Sakatariya, na ji tambayarki: yaya zumuntar mata za ta haɗa waƙarta daga aya, kuma wai haɗa waƙa ibada ce ko nishaɗi ne kawai?

Ta biyun tukuna, don gajeriya ce. Duba Fitowa sura 31. Allah ya cika Bezalel da Ruhunsa, ba don wa'azi ba, don aikin zinariya da azurfa da tagulla da sassaƙa. Kolosiyawa 3:16 kuma ta sa waƙa cikin hanyoyin koya wa juna. Ibada ce, Mama.

To, aikin kansa. Aya ɗaya za ki ɗauka, ba sura ba. Ki karanta ta da ƙarfi kowace safiya har kwana bakwai, kada ki nemi murya, wato karin waƙar, tukuna. Ki tafi da ita wurin daka, wurin tankaɗe, hanyar rijiya. Da yamma ki tambayi kanki: a ina na ga ayar nan yau? Wannan tambayar ita ce gindin aikin. Yesu ma haka ya koyar. A Matiyu 13:33 mace ce ta cuɗa yisti da mudu uku na gari, a Luka 15 mace ce ta kunna fitila tana share ɗaki neman kuɗinta. Kayan cikin gida ne duka.

Amshi ya fito daga ayar, kalma shida zuwa takwas, kar ya wuce. Baiti uku sun isa. Na fari maganar ayar yadda take. Na uku addu'a. Na biyun nan, nan ake yin gumi, domin shi ne abin da idonki ya gani a makon. Misali kin ɗauki Irmiya 18, gidan maginin tukwane. Wanda ya taɓa tsayawa wurin masu ginin tukwane ya san yumɓun da ya lalace yana ɗanye ana sake cuɗa shi, amma tukunyar da aka gasa ba ta komawa. Ya kuma san in aka gasa ta ba ta gama bushewa ba, fashewa take yi a wuta. Kin ga baiti ya samu ke nan, a kan jiran lokacin Allah. In na biyun ya zama "Allah mai iko, Allah mai girma" kawai, gaskiya ne, amma ba ki duba komai ba tukuna.

Sai murya. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a fara samo murya, sannan a cusa kalmomi da ƙarfi. Hausa tana da hawa da sauka. Kuka na hawaye daban, kuka ta miya daban. Wuya na jiki daban, wuya ta wahala daban. In murya ta sauka inda kalma ba ta sauka, "masu kuka" na Luka 6:21 sai su koma masu sayar da kuka a kasuwa, yara su yi ta dariya a baya. Maganinsa: ki faɗi layin da baki sau biyar kamar kina magana, ki ja shi kaɗan kaɗan, muryar za ta fito da kanta. Gaɓa mai tsawo a ja ta, gajeriya a wuce. Da muryar ta zo, ɗauke ta a waya nan take, gobe ba za ki tuna ba.

Tulu da caki su shigo a ƙarshe, in ba haka ba kiɗa zai rufe maganar. A kama waƙa daga ƙasa, saboda iyayenmu tsofaffi.

Gwaji: rera wa mata uku da yaro ɗaya sau biyu. In ba su kama amshi ba, ya yi tsawo, a rage.

Abu uku nake roƙo a kiyaye. Kada a ari muryar waƙar biki, hankalin mutane can zai tafi. Kada a sa habaici, ko da wadda ake nufi ta yi laifin, waƙar sujada ba wurinsa ba ne. Kada kuma a sa wa aya alkawarin da ba ta yi ba. Shi ya sa za ki kai wa Baba Fasto rubutun ya duba kafin ranar Lahadi, ba bayan an rera ba.