Tambaya da Amsa: Me ya sa aka rufe rahoton matsalar da na tura, kuma yaya za mu tafiyar da namu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibin kwamfuta ne, ina zaune a Samaru. Ina taimaka wa wata Islamiyya a Tudun Wada da rajistar ɗalibai, muna amfani da wata manhaja mai buɗaɗɗen tushe, irin wadda kowa ke iya saukewa kyauta ya kuma duba kod ɗinta. Duk lokacin da muka fitar da jerin sunaye zuwa fayil ɗin CSV, wato fayil na jadawali da ake buɗewa da irin su Excel, sai sunaye masu ƙ da ɗ su lalace, Baƙo ya koma BaÆ™o. Na rubuta wa masu kula da ita a GitHub, shafin da ake ajiye kod ɗin manhajoji ake kuma kai rahoton matsala, cewa manhajarsu ba ta aiki da Hausa. Suka yi mini tambayoyin da ban gane ba, daga baya suka rufe maganar. Sannan ni da abokaina muna da wata ƙaramar manhaja da muka buɗe wa jama'a, rahotanni sun fara taru mana ba tsari. Yaya ake kai rahoto a saurare shi, kuma yaya ake kula da waɗanda ake turowa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri kan hidimar da kake yi wa makarantar.

Ba raini ne ya sa aka rufe rahotonka ba. Yawancin masu kula da irin waɗannan manhajoji aikin sa kai suke yi bayan sun tashi daga nasu aikin, kuma wanda ya karanta saƙonka wataƙila bai taɓa ganin harafin ƙ ba. Abin da yake buƙata shi ne ya iya haifar da matsalar a kan tasa kwamfutar, ya gan ta da idonsa. In bai gan ta ba, ba zai iya gyara ta ba, ko da ya yi gyara ma ba shi da hanyar tabbatar da cewa ya yi aiki. Ka ce "ba ta aiki da Hausa" daidai yake da ka tura babur wurin makanike a Kwangila ka ce masa ba shi da lafiya, ka juya ka tafi.

Kafin ka sake rubuta komai, ka tsaya ka dubi yadda harafin ya lalace, domin siffar lalacewar ita ke nuna inda cutar take. Kwamfuta na ajiye ƙ a tsarin haruffa na UTF-8 da bayit biyu, wato lambobi biyu, C6 da 99. Idan wata manhaja ta karanta waɗannan biyun da tsohon tsarin Windows-1252, wanda ke ɗaukar kowane bayit a matsayin harafi guda, sai C6 ya zama Æ, 99 ya zama ™. Shi ne BaÆ™o da kake gani. Haka Ɗanladi zai koma ÆŠanladi. Wannan albishir ne, domin bayananka na nan lafiya, karatun ne aka yi ba daidai ba. Da alamar tambaya ka gani, wato Ba?o, to an riga an zubar da harafin tun wurin ajiya ko wurin fitarwa, galibi saboda rumbun bayanan an saita shi a kan latin1, wani tsohon tsarin haruffa da ba shi da ƙ, kuma wannan ya fi muni don ba a iya dawo da shi daga fayil ɗin. In kuwa ɗan akwati ne babu komai a ciki, salon rubutun (font) da aka zaɓa ne ba shi da zanen harafin, canza shi kawai za a yi.

Saboda haka ka yi wannan gwajin. Ka buɗe fayil ɗin da LibreOffice Calc, manhajar jadawali ta kyauta irin Excel, a tagar da za ta fito ta tambaye ka tsarin haruffa ka zaɓi Unicode UTF-8. In sunayen sun fito daidai, manhajar makarantar ta fitar da fayil mai kyau, matsalar tana wajen buɗewa. An san Excel na Windows da wannan hali: idan aka danna CSV sau biyu ya buɗe, kuma babu alamar BOM a farkonsa, wato bayit uku EF BB BF, yakan karanta shi da tsohon tsarin. Ka ga rahoton ya sauya kama ke nan. Maimakon ƙorafi, ya zama roƙo takamaimai: a sa BOM a farkon fayil ɗin da ake fitarwa, ko a ba mutum zaɓin sa shi. Irin wannan gyara sau da yawa layi ɗaya ne ko biyu.

Sai ka bincika ko wani ya riga ka. A shafin Issues na aikin, ka nemi kalmomi irin su CSV, UTF-8 da BOM, ka kuma cire tacewar da ke nuna buɗaɗɗun rahotanni kaɗai, don ka ga har da waɗanda aka rufe. Da wuya a ce mu Hausawa ne farkon waɗanda abin ya shafa, masu rubutu da Yarabanci, Turkanci ko Larabci suna cin karo da shi. In ka samu, kada ka buɗe sabo, ka ƙara naka bayanin a ƙarƙashin tsohon. Ka kuma gwada sigar manhajar ta baya-bayan nan, don wataƙila an riga an gyara.

Rahoton kansa da Turanci mai sauƙi za ka rubuta, ba a neman ƙwarewar nahawu. Kanun ya faɗi abin da ya lalace da inda ya lalace, misali cewa haruffan Hausa masu lanƙwasa suna rikicewa a CSV idan an buɗe da Excel. A ciki ka faɗi lambar sigar manhajar cif, kada ka ce "sabuwa", domin sabuwar yau tsohuwa ce bayan wata uku. Ka faɗi Windows ce ko Ubuntu da lambarta, da burauzar da kake amfani da ita in manhajar ta intanet ce. Sannan matakai, ɗaya bayan ɗaya, tun daga manhaja sabuwa fil: na ƙirƙiri ɗalibi mai suna Baƙo, na shiga shafin jerin sunaye, na danna fitarwa, na buɗe fayil ɗin da kaza. Ka rubuta abin da ka sa ran gani, da abin da ka gani. Ka saka harafin ƙ a rubuce tare da lambarsa, U+0199, domin mai gyaran ba shi da shi a allon madannansa, kwafa zai yi. Ka faɗi sakamakon gwajin LibreOffice. Matsala ɗaya a rahoto ɗaya, in kana da uku ka buɗe uku.

Abu biyu ne muke so ka riƙe da kyau. Na farko, kada ka ɗora ainihin fayil ɗin makarantar. Sunayen yaran mutane ne da lambobin iyayensu, kuma abin da aka ɗora a GitHub duniya ce ke gani. Ka ƙirƙiri fayil mai layi biyu da sunayen bogi. Na biyu, in akwai saƙon kuskure, ka kwafo shi a rubuce. Hoton allo da aka ɗauka da waya ba a iya bincika kalmominsa, bidiyo kuma cin data ne gare ka da mai kallo.

Idan sun yi tambaya ka amsa, ko da amsar ita ce ba ka san yadda ake samo abin ba, a nuna maka. Shiru shi ke kashe yawancin rahotanni. Wanda aka rufe maka, ka koma ƙarƙashinsa ka zuba waɗannan bayanai ka roƙi a sake buɗewa.

Yanzu naku aikin. Ku fara da fom. A GitHub ana ajiye shi a cikin jakar .github/ISSUE_TEMPLATE, yana tambayar mai rahoto siga, matakai, abin da ya zata da abin da ya faru. Tunda masu amfani da manhajarku na nan gida ne, ku rubuta fom ɗin da Hausa da Turanci. Da yawa za su kawo muku ƙorafi ta WhatsApp ko baki da baki a aji. Ku karɓa, amma wanda ya karɓa ya shigar da shi a shafin Issues a ranar, don abin da ya tsaya a cikin hira ɓata yake yi.

Ku ware rana ɗaya a mako ta tantancewa, mutum ɗaya ya riƙe, ana karɓa-karɓa. Aikinsa ba gyara ba ne. Zai gwada matakan ya ga ko matsalar ta bayyana, ya haɗe masu maimaici, ya manna alama. Manyan ayyuka irin su LibreOffice, da ke amfani da Bugzilla wajen tattara rahotanni, haka suke yi: rahoto na shigowa a matsayin wanda ba a tabbatar ba, sai wani daban ya maimaita matsalar kafin a ɗauke shi sabon aiki, in bayani bai isa ba a sa masa alamar ana jiran ƙarin bayani. Ku ma alamomi biyar ko shida sun ishe ku. Ku bambance munin matsala da gaggawarta. Abin da ke goge bayanan mutane ko ya hana shiga manhajar gaba ɗaya shi ne kan gaba, ko mutum ɗaya ya shafa. Maɓallin da ya karkace zai iya jira. A ganinmu kada ku sa na'urar da ke rufe rahoto da kanta don an kwana biyu ba a yi magana ba. Matsalar da aka tabbatar ba ta warkewa don an yi shiru. Wanda ya dace a rufe shi ne wanda kuka nemi bayani, kuka tuna wa mai shi, bai dawo ba, kuma ku rubuta masa cewa ƙofa a buɗe take. Kai da kanka ka ɗanɗani yadda rufewa ba bayani take.

Idan aka ce muku abu yana aiki a da, yanzu ya daina, kada ku zauna kuna hasashe. Ku yi amfani da git bisect, umarni ne na Git, manhajar da ke ajiye tarihin canje-canjen kod. Ka rubuta git bisect start, sai git bisect bad a kan sigar yanzu, sai git bisect good tare da sunan tsohuwar sigar da ka san lafiyarta ƙalau. Git zai kai ka tsakiyar tarihin canje-canjen, ka gwada, ka gaya masa mai kyau ce ko marar kyau, ya sake raba ragowar biyu. Ko canje-canje 1000 ne, gwaji kamar 10 zai nuna maka wanda ya kawo ɓarnar. In ka gama, git bisect reset. Amfaninsa na raguwa in kun saba cusa aikin mako guda cikin komit ɗaya, wato canji ɗaya da aka ajiye a Git, don haka ku riƙa yin su ƙanana.

Wajen gyara, ku fara rubuta gwajin da zai faɗi saboda matsalar, misali wanda zai fitar da Baƙo ya duba bayit ɗin da suka fito, sannan ku gyara har gwajin ya wuce. Shi zai hana ta dawowa bayan wata shida. A bayanin gyaran ku rubuta Fixes #12, ko lambar da rahoton ke ɗauke da ita, GitHub zai rufe shi da kansa da zarar an haɗe gyaran da babban reshe. Ku roƙi wanda ya kawo rahoton ya gwada, ku kuma ambace shi a jerin canje-canjen sabuwar siga.

Akwai nau'i ɗaya da ba a kai shi bainar jama'a, wato ɓarakar tsaro, kamar a ce wani zai iya ganin bayanan ɗalibai ba tare da kalmar sirri ba. Ɓarakar da aka gano a 2021 a Log4j, wani kod da manhajoji da yawa ke amfani da shi, a asirce aka fara sanar da gidauniyar Apache mai kula da shi a watan Nuwamba, kuma da labarin ya fito fili a Disamba, nan take aka shiga kai hare-hare a faɗin duniya. Ku ajiye fayil mai suna SECURITY.md da ke faɗin adireshin da za a tura irin wannan, ku kunna tsarin kai rahoton sirri da GitHub ke bayarwa a saitin tsaro na aikin. In an turo, ku amsa cikin 'yan kwanaki, ku yi gyaran a ɓoye, ku saki sabuwar siga, sannan ku sanar da masu amfani su sabunta.