Katin Mickey Mantle da na tsinta a cikin kwali: shin na yi arziki?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a unguwar Bronx ta birnin New York. Kwanakin baya na sayi wasu kayan gwanjo, a ciki na tarar da kwali cike da katunan 'yan wasan besbol, galibinsu na 1988 zuwa 1991. Akwai guda ɗaya mai hoton Mickey Mantle, shahararren ɗan wasan besbol na ƙungiyar New York Yankees, riƙe da sanda a kafaɗa, sak irin wanda na gani a intanet an ce an sayar da shi sama da dala miliyan 12. Nawa sabo ne fil, yana sheƙi, da tambari mai ruwan zinare a gaba, girmansa ɗaya da sauran katunan, kuma a bayansa an rubuta 1996 da ƙananan lambobi. Wani abokina ya ce na tunawa ne, don haka ya fi daraja. Nawa zan sa masa?

Amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, ka yi haƙuri, gara in faɗa maka tun yanzu kafin ka fara lissafin gida da mota: kama da wane ba ta wane. Bayanin da ka yi ya isa a gane katin. Mantle ya rasu a watan Agustan 1995, sai kamfanin Topps, mai buga katunan 'yan wasa, ya sake buga tsofaffin katunansa a 1996 don tunawa da shi, ya yi musu tambarin zinare, ya cusa su cikin fakitocin da ake sayarwa a shaguna. Naka ɗaya ne daga cikinsu. Ba jabu ba ne, kamfanin da kansa ya buga shi, amma kuɗinsa 'yan daloli ne.

Ko ba ka duba shekarar ba, girman kaɗai ya tona asiri. Katin asali, irin wanda ka gani a intanet, na 1952 ne, kuma ya fi na yanzu girma, wajen santimita 6.7 a faɗi da 9.5 a tsawo. Sai a 1957 Topps ya koma girman da ake amfani da shi har yau, kusan 6.4 da 8.9. Da naka na asali ne, da ya yi wa sauran katunan kwalin zarra, kuma da ba ya sheƙi, domin kwali ne mai kaushi da aka yi don yara.

Maganar abokinka kuwa, nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, shi ya sa zan ɗan tsaya a kai. A wannan kasuwa, abin da aka buga musamman domin a ajiye shi ba ya cika yin tsada, saboda kowa ya ajiye nasa. A 1996 manya ne ke sayen katunan, suna sa su cikin leda tun ranar farko, suna jiran ranar da za su yi kuɗi. Yau ga su nan birjik, duk sababbi. A 1952 kuwa, kati kyauta ce da ke zuwa tare da cingam. Yara su ɗaure su da roba, su yi caca da su a bakin titi, su maƙala su a ƙafar keke don ta riƙa ƙara. In yaro ya girma ya bar gida, uwa ta share ɗaki ta zubar. Wanda ya tsira da lafiyarsa daga duk wannan shi ne ake kokawa a kai.

Shi katin Mantle na asali ma yana da ƙarin dalilin tsada. Jerin katunan Topps na 1952 katuna 407 ne, an fitar da su kashi-kashi, kuma nasa mai lamba 311 shi ne ya buɗe kashin ƙarshe. Wannan kashi ya fito a makare, kakar wasa ta kusa ƙarewa, hankalin yara ya koma wani wasan, bai yi kasuwa ba. Sy Berger, wanda ya tsara jerin, ya sha ba da labarin cewa bayan shekaru da kayan suka yi kwantai a sito, an loda su a jirgin ruwa aka zubar a teku. Wanda ka gani a intanet kamfanin gwanjo na Heritage ne ya sayar da shi a Agustan 2022 kan dala miliyan 12.6. Mai shi ya saye shi a 1991 kan dala 50,000.

Haka labarin katin Honus Wagner, tsohon ɗan wasan besbol na ƙungiyar Pittsburgh, yake, wanda kamfanin taba na American Tobacco ya riƙa sa wa cikin kwalin sigari tsakanin 1909 da 1911. Wagner ya hana a ci gaba da buga hotonsa. Wasu na cewa ba ya son yara su sayi taba saboda shi, wasu na cewa batun kuɗi ne. Ko ma mene ne, aka dakatar, kuma waɗanda aka san suna nan yau 'yan gomomi ne kawai. An sayar da ɗaya dala miliyan 7.25 a 2022. Ka lura, babu wanda ya shirya wannan ƙaranci da gangan.

Sauran katunan kwalinka sun faɗo a mafi munin lokaci. Daga wajen 1987 zuwa 1994, kamfanonin Topps da Fleer da Donruss da Score da Upper Deck sun yi ta buga kati kamar ba gobe, saboda jama'a sun ɗauka jari ne. Har yau akwai kwalayen da ba a taɓa buɗewa ba jibge a gidajen mutane. Dillalai kan saye su ne a dunƙule, ba ɗaya-ɗaya ba. Abin da zan ce ka nema a ciki shi ne katin ɗan wasa Ken Griffey Jr. na Upper Deck na 1989, mai lamba 1. Shi ma yana da yawa, sai dai in ya fito babu tabo ko kaɗan yakan yi kuɗi mai ɗan kauri.

Wannan "babu tabo" ba da ido ake yanke shi ba. Akwai kamfanonin tantancewa, manyansu PSA da SGC da Beckett, da ke duba kati su ba shi maki daga 1 zuwa 10, su rufe shi cikin roba mai tauri. Suna duba kaifin kusurwoyi huɗu, da gefuna, da fuskar katin, da ko hoton ya zauna daidai a tsakiya. Mantle ɗin miliyan 12.6 maki 9.5 ya samu daga SGC. Irinsa na asali mai lanƙwasa da cinyayyun kusurwoyi yana iya kai dubban daloli masu yawa, amma tazarar da ke tsakaninsu kamar sama da ƙasa ce. Tantancewar kuɗi ake biya a kan kowane kati, kuma a naka na 1996 kuɗin aikin zai iya cinye kuɗin katin, don haka ban ba ka shawarar aika shi ba.

In ka ci karo da tsohon kati na gaske nan gaba, kada ka goge shi, kada ka sa masa dutsen guga, kada almakashi ya kusance shi. Katin Wagner ɗin da ya fi kowane suna, wanda ɗan wasan hoki Wayne Gretzky da abokin hulɗarsa suka saya dala 451,000 a 1991, daga baya dillali Bill Mastro ya amsa a gaban kotu a 2013 cewa ya datse gefunansa don su yi kyau. Tun daga nan masu saye suka ƙara sa ido, kuma katin da aka gano an taɓa shi darajarsa faɗuwa take yi warwas.

Game da farashi, kada ka bi abin da masu sayarwa ke rubutawa a eBay, shafin saye da sayarwa na intanet, kowa na iya sa miliyan a kan kayansa. Ka shiga sashen kayan da aka riga aka sayar, ka rubuta shekara da kamfani da lambar katin, ka ga abin da aka biya a zahiri cikin 'yan watannin nan. Sannan ka zazzage kwalin gaba ɗaya a kan tebur mai tsabta, ka ware duk katin da girmansa ya saɓa da na sauran, ko babba ko ɗan siriri irin na kwalin sigari, da duk wanda bayansa kwali ne mai ruwan toka kuma shekararsa ta gaza 1970. In ka samu irin waɗannan, sa kowanne a ledarsa daban, ka ɗauki hoton gaba da baya ka turo mini.