Amsa: Tsohon gilashi da tsohon filas a kan sabuwar kyamara

Ɗan'uwa, ka tambaya ko gilasan kyamarar fim (wato lens) da filas ɗin (fitilar haska hoto) da ka gada za su yi aiki a sabuwar kyamararka ta dijital. Batun gilashi da sauƙi. Idan kyamarar marar madubi a cikinta ce (mirrorless), adafta, wato zoben da ke haɗa tsohon gilashi da bakin kyamara, ta wadatar, sai dai da hannunka za ka riƙa juya zoben saita hoto. Ka kula da gilasan Nikon da aka ƙera kafin 1977, domin suna iya danne ɗan harshen da ke bakin wasu kyamarorin Nikon, inda ake ɗaura gilashi, har ya karye.

Filas ne ya fi damuna, kuma ina roƙonka kada ka yi gaggawar ɗora shi. Wasu tsofaffi, irin Vivitar 283 na farko-farko, suna sakin lantarki fiye da volt 200 ta ƙafarsu da ake makalawa a saman kyamara, alhali wasu kyamarorin dijital na Canon volt 6 kawai suke ɗauka, abin da ya wuce haka yana iya lalata su. Ka kunna shi, ka jira ƙaramar fitilarsa mai nuna ya shirya ta kama, sannan ka auna da na'urar auna volt tsakanin ƙusar tsakiyar ƙafarsa da ƙarfen gefenta, ka kwatanta da abin da littafin kyamararka ya ƙayyade.