Amsa: Fatar doki zata yi bel da alabe?

Malam, tambayarka ko fatar doki zata yi maka bel da alabe, da kuma inda ake samunta. Zata yi, amma fa ka sani ba duka fatar ce iri ɗaya ba. Ta wajen ƙirji da kafaɗa siririya ce, ita ake ɗinka jaket da ita, in kayi bel zai miƙe. Nemi ta kuturi, ita ce mai tauri, har wasa wuƙa ake yi a kanta.

A cikin kuturin nan ne ake fitar da wata fata mai santsi da sheƙi da ake kira shell cordovan, kamfanin Horween na Chicago da aka kafa 1905 kusan wata shida suke ɗauka kafin su gama jimarta, shi yasa take tsada, kamfanin Shinki na Japan ma suna yi, kuma ƙarama ce, zata ishe ka alabe ko madaurin agogo amma tsawonta ba zai kai na bel ba.

Ni dai da na fara sai da na karya allura biyu wallahi, don haka huda ramukan tukuna, wuƙarka tayi kaifi sosai, kuma kar ka cika wa fatar mai. Ka ce mai sayarwa ya turo maka ɗan guntun fatar ka gwada kafin ka biya.