Fam yake ɗauka amma yana kukan babu

Ɗan'uwa, kana tambayar me ya sa yayanka na Ingila ke kukan babu alhali fam yake ɗauka. Kuskurenmu kenan, mu juya albashinsa zuwa naira mu ce ai ya haye. Mu nan ciki ke cinye kuɗi, binciken Hukumar Ƙididdiga ta Najeriya (NBS) na 2019 ya nuna sama da rabin abin da gidaje ke kashewa abinci ne, shiga kasuwar Sabon Gari ka auno shinkafa ka gani. Su can haya ce, wata-wata ake biya ba shekara ba irin na Samaru, ga harajin kansul, wato na ƙaramar hukuma, ga ɗumama ɗaki da sanyi, renon yara ma sai kuɗi. In tafiya kake shiri nemi mazaunin garin ya lissafo maka, maganar haraji kuwa sai akanta.